Rumbu

rùmbuu *sn., nj.*, *jam.* rumbunàa

1. Ɗakin ajiyar hatsi na laka ko na kara: *an cika ~ da gero.*

2. (*kwamf.*) Wurin adana bayanai: *~n hotuna.*

3. ~n gida (*kwamf.*) Kwamfuta mai faifan ajiya, a haɗe da sauran na'urorin gida ta waya ko ta iska, kowa na zubawa yana ɗiba: *ya mai da tsohuwar kwamfutarsa ~n gida.*
(a) Kayan haɗi mai araha: tsohuwar kwamfuta ko Raspberry Pi 4 (fitowar 2019), faifai 2, wayar haɗi, batirin ko-ta-kwana.
(b) Manhajar kyauta: OpenMediaVault, TrueNAS, Samba don raba fayil.

~ mai tagwayen faifai Tsarin RAID 1: abu ɗaya a faifai biyu, masu terabayit 4 guda biyu, ajiyar terabayit 4 ke nan. Yana maganin mutuwar faifai ɗaya, ban da gogewar kuskure, gobara ko sata.

~n ko-ta-kwana Kwafi na dabam, a wani gida.

*Dubi:* ma'ajiya, rufewa, sito, taska.