Albam ɗin kakana, had-dis ɗina, da tarihin Zangon Agege

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman waɗanda aka haifa ko suka tashi a Kurmi irina, da duk wanda ke rubuta kundin digiri yanzu.

A hutun da ya wuce na koma gida Agege domin tattara bayanai a kan fataucin goro, wanda a kansa nake aikin mastas ɗina. Na tambayi kakata ko akwai tsofaffin hotunan marigayi Alhaji. Ta ce, "Maigidan, sai yau ka tuna da kishiyarka takarda? Jawo akwatin can na ƙarƙashin gado." Na jawo. Albam uku ne a ciki. Biyu sun manne sun zama kamar ƙuli-ƙuli saboda laimar Legas, in ka ɓamɓaro shafi sai fuskar mutum ta biyo ledar. Na ukun ne ya tsira. A ciki akwai hoton wasu dattawa shida zaune gaban huhunan goro, ga dogo a bayansu. Hajiya ta gane mutum biyu. Sauran huɗun ta ce wanda zai iya faɗar sunansu ya rasu shekara uku da suka wuce.

Wallahi a ranar na gane cewa tarihin unguwarmu yana ƙarewa ne a hankali, ba tare da gobara ko yaƙi ba.

Bari in ɗan koma baya domin wanda bai san Agege ba. Kafin zuwan Turawa, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja yake zuwa, wato arewacin Ghana ta yau. Ayarin fatake, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su suke tafiyar watanni da jakuna zuwa kasuwar Salaga. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa wannan kasuwa. Daga baya 'yan kasuwa suka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan hanya. Sai ga jirgin ƙasa: layin Legas zuwa Ibadan, wanda ya ratsa ta Agege, an buɗe shi a 1901, dogo kuma ya isa Kano a 1911. Tafiyar da take cin watanni ta dawo ta kwanaki.

Agege a lokacin ƙasar gonaki ce. Manyan manoma irin su J. K. Coker sun kafa gonakin koko a can, kuma da koko ya ja baya sai manoman yankin suka rungumi dashen goro irin na Gwanja. Ga goro a gona, ga tasha a kusa, ga masu ci a Arewa. Abin da ya zaunar da kakanninmu ke nan. Aka yi Zango, aka yi masu masauki da dillalai, aka yi masu ɗaurin huhu da ganyen fita, aka yi malamai da mahauta da sarautar Hausawa. Yau akwai gidajen da jikoki da tattaɓa-kunne duk a Agege aka yanke musu cibiya, suna jin Yarabanci kamar Hausa.

To ina aka rubuta tarihin waɗannan mutane? In ka je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1954 da ƙoƙarin Kenneth Dike, a Ibadan ko Kaduna, abin da za ka fi samu shi ne fayil ɗin jami'an mulkin mallaka: haraji, rigimar fili, ƙorafi, lissafin kaya. Akwai littattafai masu amfani, kamar na Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan, da na Paul Lovejoy na 1980 a kan fataucin goro. Amma duk idon baƙo ne. Jaridu kuwa sun fi tunawa da Hausawan Legas ranar da aka yi rikici, kamar na Ketu a 1999, da Idi-Araba a Fabrairun 2002, da Mile 12 a Maris 2016. Wanda zai karanta jarida kaɗai nan da shekara hamsin zai ɗauka faɗa kawai muka zo yi.

Ɗaya ɓangaren labarin, wato saukar Alƙur'ani, da ɗaurin aure tsakanin Bahaushe da Bayarabiya, da rakiyar alhazai filin jirgi na Ikeja, da ƙungiyar ƙwallon unguwa, da tsohon fasalin masallaci kafin a rushe a sake gini, duk yana cikin albam da wayoyinmu. Kuma unguwar kanta tana canzawa a idonmu. Gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021, da sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan da ya fara aiki a shekarar, sun ci gine-gine da rumfuna da yawa. Wanda ya ɗauki hoton wurin kafin nan, ko don wasa ya ɗauka, yanzu hujjar tarihi ce a hannunsa.

Na ce to, ni zan ceci abin da ya rage. Na sayi faifan ajiya na waje, wanda muke kira had-dis, mai cin terabait 1. Na zauna mako biyu ina ɗaukar hotunan da na samu a gidanmu da gidajen maƙwabta huɗu, na haɗa da muryoyin dattawa tara da na yi hira da su. Da na gama sai na kwashe komai daga laftof da waya na zuba a faifan, na goge na kan laftof don wuri ya cika. A raina na gama ajiya.

A hanyar komawa makaranta jakata ta faɗo daga saman kaya a tasha. Da na jona faifan sai ƙas-ƙas-ƙas yake yi. Na kai wa wani mai gyara, ya buɗe, ya ce allurar da ke karantawa ta karce farantin. Abin da ya tsira shi ne hotuna kaɗan da na taɓa tura wa ƙanwata ta WhatsApp, su ma an matse su sun rage kyau. Hotunan takarda na iya komawa in sake ɗauka. Amma ɗaya daga cikin dattawan nan tara Allah Ya yi masa rasuwa kafin in koma. Hirar awa biyu ta tafi da shi. Allah Ya jiƙansa.

Kuskurena a fili yake: na ɗauke kaya daga wuri ɗaya na kai wani wuri ɗaya, na kira shi ajiya. Abin da ke da kwafi ɗaya tak ba a ajiye yake ba, ko a ina yake zaune.

Abin kunyar shi ne ɗalibin tarihi bai kamata ya yi wannan kuskure ba, don magabatanmu sun riga mu sanin maganin. Littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da waƙoƙin Nana Asma'u sun iso gare mu ne saboda almajirai sun yi ta kwafa da hannu, kwafi a Sakkwato, kwafi a Gwandu, kwafi a Kano da Zariya. In gara ta ci na wannan gida, na wancan gida yana nan. Kuma sau da yawa mai kwafa yakan rubuta sunansa a ƙarshe, wani lokaci har da na mai littafin. A Timbuktu ma, lokacin da masu ɗauke da makamai suka ƙona ko suka kwashe rubuce-rubuce kusan 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba a Janairun 2013, dubban ɗaruruwa sun tsira ne saboda suna warwatse a hannun iyalai, kuma Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa sun fitar da su zuwa Bamako a akwatunan ƙarfe, ta mota da kwale-kwale.

Shi had-dis na'ura ce mai ban mamaki, kada a ce na raina shi. Na farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956 faranti 50 ne a cikinsa, girmansa ya kai na manyan firji, kuma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba, wato hoton waya ɗaya ko biyu na yau. Wanda ke aljihuna zai ɗauki hotuna wajen 250,000 in kowanne megabait 4 ne. Amma har yanzu faranti ne ke juyawa da gudu, allura na shawagi a kansa. Faɗuwa ɗaya ta isa. Irin na SSD ba shi da abin da ke juyawa, ya fi jure faɗuwa, sai dai ya fi tsada kuma ba a so a bar shi shekaru a durowa ba a jona shi ba.

Wani zai ce ai nasa suna intanet. Madalla, amma a tuna: a 2019 shafin Myspace ya sanar da cewa ya rasa waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora na shekaru fiye da goma, wajen sauya rumbu. Google Photos ya daina ajiya kyauta mara iyaka tun 1 ga Yunin 2021, gigabait 15 ne kyauta, kuma da Gmail da Drive ake raba su. Asusun da aka bari shekara 2 ba a taɓa ba, dokar Google ta ba su damar goge shi. Facebook da WhatsApp kuma suna matse hoto su cire bayanan ranar da aka ɗauka. Mu da layi ke ɓata ko a sace waya mu kasa tuna kalmar sirri, mun san sauran labarin.

Masu ɗaukar hoto suna da ƙa'ida da Peter Krogh ya yaɗa, ana ce mata 3-2-1: kwafi 3, a kan na'ura iri 2, kwafi 1 kuma a wani wuri daban. Da na karanta sai na yi dariya, don rayuwar ɗan Zango ke nan tun asali: gida a Kurmi, gida a Arewa. Ga yadda nake yi yanzu. Kwafi ɗaya a laftof. Na biyu a had-dis da ke tare da ni. Na uku a wani had-dis da ke gidan kawuna a Kano, ina sabunta shi duk hutu. Mafi muhimmanci daga ciki kuma ina ɗora su a intanet. In kuɗin faifai biyu ya yi yawa, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu 'yan ɗaki ɗaya ko 'yan gida ɗaya, kowa da foldarsa.

Ga wasu abubuwan da na koya da tsada. Kwafa za ka yi, kada ka kwashe. In ka sayi sabon faifai, a Computer Village da ke Ikeja ko a Farm Centre a Kano ko ma ina ne, cika shi da manyan fayiloli ka sake buɗe su kafin ka amince masa, don akwai jabu masu nuna girman ƙarya. Kada ka fizge waya kafin ka sallami faifan daga kwamfuta. Kada ka bar shi jone kullum, saboda wutar da ke dawowa da ƙarfi da kuma bairos. Duk 'yan watanni ka buɗe ka duba, bayan 'yan shekaru ka sauya sabo tun tsohon bai mutu ba. Tsohon hoton takarda a yi masa sikanin a 600 dpi in da hali, a ɗauki bayansa ma, don galibi a nan tambarin mai hoto da kwanan wata suke. In za ka tura wa ɗan uwa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil. Kada kuma ka jefar da na takardar.

Na ƙarshe shi ne ya fi duka: rubuta suna. Hoton dattawa shidan nan ya tsira daga laima, amma huɗu daga cikinsu sun zama baƙi a gidan jikokinsu. Zauna da tsohuwa ko tsoho, nuna hoto, kunna rikoda, tambayi waye wannan, ɗan wane gari ne, a ina aka ɗauka, kafin ko bayan wane abu. Sa amsar a sunan fayil ɗin. Kuma ka nemi izini kafin ka watsa hoton iyalin wani, musamman na iyaye mata. Ajiyewa daban, yaɗawa daban.

'Yan Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12, Alaba Rago, da 'yan Sabo na Ibadan da Shagamu, har da ku 'yan gida da kakanninku suka yi Kurmi suka dawo: hutun nan mai zuwa ku jawo akwatin ƙarƙashin gado. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Ni na koma na sake ɗaukar hotunan, na sake hira da dattawa takwas ɗin da suka rage, kuma ɗaya daga cikinsu ya gane mutum na uku a hoton, ya ce mai ɗaurin huhu ne daga Bebeji. Saura uku.

Wanda ke da tsohon hoton tashar Agege ko kasuwar goro, don Allah ya yi mini magana. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu sa'ar karatu.