Suturar Mazan Jiya

Tun daga shekarar 1863, sa'ad da Laftana Glover ya tara 'yan Hausawa kaɗan a Ikko ya ɗora musu bindiga, har zuwa 1897 da aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma, sojan ƙasar nan ya kasance mutum ne mai gida biyu, bariki da unguwa, kuma ba a taɓa ganin nauyin wannan al'amari sarai ba sai ranar da ajali ya riske shi, domin a ran nan kowane gida yana da nasa haƙƙin a kan gawar.

Shari'a dai ba ta bar wani shubuha ba. Abin da malamanmu suka karantar daga Risala da Muhtasar shi ne a gaggauta: a yi wa mamaci wanka, a sa shi a farin likkafani, a yi masa salla da kabbara huɗu, a kwantar da shi a lahadu bisa gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, ba tare da an bambanta samanja da ɗan dako ba. Al'adar bariki kuwa, wadda aka gada daga Ingila, tana son jinkiri da tsari, da akwatin gawa, da tuta a kansa, da busa begila, da harba bindiga sama. Wanda ya san yadda mutanenmu ke ƙyamar gawa ta kwana a gida zai fahimci dalilin da ya sa dattawa suka daɗe suna ɗari-ɗari da wannan karramawa.

Amma kafin a kai ga mazan jiya da suka tsufa a gida, wajibi ne a ambaci waɗanda ba su dawo ba. A yaƙin 1914 an kai su Kamaru da Afirka ta Gabas, a yaƙin Hitila kuma runduna ta 81 da ta 82 suka ratsa dazuzzukan Bama, ta Kaladan da Arakan, suka ci Myohaung a Janairun 1945. Da yawansu abokan yaƙinsu ne suka haƙa musu kushewa da gaggawa a gindin itace, wasu kuwa ba a san makwancinsu ba, sai dai sunayensu a jikin ginin tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Da yawan na yaƙin farko ma ko wannan ba su samu ba, gama hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, alhali Baturen da ya faɗi tare da su an kafa masa dutse da sunansa. Wannan zalunci ne, kuma sa wa barikoki sunan Dalet a Kaduna ko Chindit a Zariya bai biya shi ba, tun da sunan wurin yaƙi da na runduna aka adana aka bar na mutanen.

Bayan mulkin kai aka kafa ƙungiyar mazan jiya ta ƙasa a 1964, daga baya kuma aka ɗauke ranar tunawa da su daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A hankali kuma aka cimma maslaha a kan jana'iza, wadda a ganina hikima ce babba: soja su ɗauki makara a kafaɗa da tuta lulluɓe da ita, liman ya shige gaba ya yi salla, sa'an nan a bakin kabari a yaye tutar a naɗe ta a miƙa wa magaji, mamaci ya sauka da likkafaninsa kaɗai. Haka aka yi saurin suturta Janar Ibrahim Attahiru a maƙabartar soja ta Abuja a Mayun 2021, kashegarin haɗarin jirgin da ya yi ajalinsa a Kaduna.

To, amma wannan rabon manyan hafsoshi ne. Ɗan tsohon kofur da mahaifinsa ya cika da asuba a ƙauye, wanda ilahirin shaidar aikinsa ba ta wuce takardar sallama da lambobin yabo biyu a ƙasan adaka ba, ba shi da sararin aika wa bariki, domin kafin hantsi maƙwabta sun haƙa kabari, kuma ba wanda zai ce wa liman ya dakata a jira begila. Galibi sai ran sadakar uku abokan aikin mamacin kan iso da tsofaffin hulunansu, su yi ta'aziyya, su shiga bai wa jikoki labarin Bama, sa'an nan su nuna wa ɗan nasa ofishin da zai kai takardar domin bin haƙƙin mahaifiyarsa.