Yadda Takarda Ta Koyi Ba Da Shaida a Kan Tawada

Kowanenmu ya saba da tawada, amma kaɗan ne suka san cewa baƙin da ido ke gani ɗaya sau da yawa gamin launuka ne. Tarihin yadda aka koyi rarrabe su shi ne abin da za mu duba.

A shekarar 1903, a birnin Warso, wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, ya bayyana yadda ya tsiyaya ruwan ganye cikin bututun gilashi cike da gari, sai koren ya rabu hawa-hawa, kore daban, rawaya daban. A 1906 ya raɗa wa dabarar suna kuromatogirafi, wato rubutun launi. Manyan masana na zamaninsa suka yi ko oho da ita, har ya rasu a 1919. Sai a 1931 aka farfaɗo da ita a Jamus.

A 1944, a wata cibiyar binciken ulu da ke Lids ta Ingila, Consden da Gordon da Martin suka nuna cewa takardar tacewa ma ta isa. Martin da abokin aikinsa Synge suka sami kyautar Nobel a 1952.

Ga yadda abin yake. Akan ɗiga tawada kusa da gindin takarda, a tsoma bakinta cikin ruwa. Ruwan yana hawa, yana jan launukan. Wanda ya fi narkewa ya yi nisa, wanda ya fi manne wa takarda ya tsaya baya. Amma kowace tawada da ruwan da ke motsa ta. Ta biro ba ta kula ruwa, sai sifirit. Tawadar allo kuwa, wadda malamanmu ke haɗawa da gawayi da ƙaro, baƙinta ba ya rabuwa ko kaɗan, domin gari ne, ba rini ba.

Amfanin wannan ya fito fili a 1983, lokacin da mujallar Stern ta Jamus ta Yamma ta biya Mak miliyan 9 da ɗoriya don wasu littattafai kimanin 60, wai kundin sirrin Hitler ne. Masana tarihi da na rubutun hannu sun gaskata su. Da aka kai ɗakin bincike, sai aka ga takardar da tawadar duka na bayan yaƙi ne. Konrad Kujau, wanda ya ƙirƙire su, ya tafi kurkuku.

Ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Saboda haka, ma'aikacin da ke riƙe da takardar fili ko ta gado ya sani, sa hannu yana iya ruɗin ido, amma tawada takan faɗi zamanin da aka yi ta, in an san ruwan da za a tambaye ta da shi.