Sukari

Kalmar sukari baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Hausa ta aro ta daga Larabci, sukkar. Larabawa sun karɓo ta daga Farisawa, su kuma daga tsohon harshen Indiya, inda sharkara ke nufin tsakuwa, saboda kamannin ƙwayoyinsa. Daga baya Turanci ya kawo mana suga, alhali tushensu ɗaya.

Manomin Bakori da maƙwabcinsa na Ɗanja sun san zaƙi tun kafin farin sukari ya cika kantuna. Ga rake a fadama, ga mazarƙwaila. Sai dai rake sai an sha wahalar tauna shi. Sukari kuwa mai shayi ne ke zuba shi cokali bayan cokali, ga kuma lemon kwalba.

Yau kalmar ta koma sunan cuta: ciwon suga. Ƙiba, musamman teɓa, na cikin manyan abubuwan da ke jawo nau'insa na biyu, tare da hawan jini. Abin damuwa, har yanzu idan mutum ya ajiye tumbi, cewa muke yi hutu ya karɓe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da ƙiba mai yawa.