Koya wa Yara Jimiri Cikin Wahala

Jimiri shi ne riƙe bangaskiya sa'ad da wahala ta daɗe. A ajin makarantar Lahadi akwai marayu da yaran da rikici ya raba da gidajensu, saboda haka darasin nan nasu ne.

Labari: Yusufu (Farawa 37–41). Yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Ubangiji bai rabu da shi ba.

Wasa: Yara su yi langa zuwa wani layi. Wanda ya faɗi, abokinsa ya tashe shi, ya ci gaba daga inda ya faɗi. A tafa wa duk wanda ya ƙarasa, har na ƙarshe.

Aiki: Kowa ya shuka wake a gwangwani, ya riƙa ba shi ruwa yana addu'a.

Haddacewa: Romawa 5:3-4.

Gargaɗi: Kada malami ya ce wa yaro wahalarsa hukuncin zunubi ce (Yahaya 9:1-3). Jimiri kuma ba ya nufin yin shiru a kan cin zarafi. A koya wa yaro ya gaya wa babban da ya amince da shi.