Wanzaman Zangon Wagadugu da Tsayar da Jini

Unguwar Zanguwetin ta Wagadugu, wadda aka rushe a 2003 ƙarƙashin shirin ZACA na sake gina tsakiyar birni, ta samo asali ne daga zangon fataken Hausawa masu bin hanyar goro zuwa Gwanja, kuma tare da ayarinsu wanzanci ya shigo, wato sana'ar aski, ƙaho da kaciya. Da yake kullum wanzami da aska yake aiki, dole ya san jini: wanda ke tsattsafowa daga fata, wanda ke kwarara baƙi-baƙi daga jijiyar da ke mayar da shi zuciya, da jan da ke tsartuwa daidai da bugun zuciya, wanda ke kisa cikin mintuna. Garin bagaruwa, mai sinadarin da ke tsuke nama, yana iya tsayar da na farko, toka kuwa tana iya jawo ruɓewar rauni. Na ƙarshen sai dannewa da ƙarfi, ko ɗaure gaɓa tamau a saman raunin, kafin a kai mutum asibitin Yalgado Wedarawogo, inda ake ɗinke jijiyar a ƙara masa jini.