Jirgin da ake saki ya tafi abinsa: daga murɗaɗɗiyar roba zuwa lagwani

Ranar 18 ga Agustan 1871, wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Alphonse Pénaud ya tsaya a lambun Tuileries da ke Paris, riƙe da wani abu kamar kayan wasan yara. Garin bai gama farfaɗowa daga yaƙi ba, fadar da ke bakin lambun ma watanni uku ke nan da cin wuta. Ya yi ta murɗa farfela da yatsa har sau 240, igiyar robar da ke ƙarƙashin sandar jirgin ta nannaɗe tam, sannan ya saki. Abin ya tashi, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11, ya sauka lafiya lau. Tsawonsa bai wuce rabin mita ba, nauyinsa kuwa giram 16. Ya raɗa masa suna Planophore.

Daƙiƙa 11 ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, sai mutum ya san irin wahalar da magabata suka sha. A 1848, John Stringfellow ya ƙera jirgi mai injin tururi a garin Chard na Ingila, ya gwada shi cikin wata tsohuwar masaƙa inda babu iska. Matsalar irin waɗannan jirage ita ce da zarar sun bar hannu sai su ɗaga hanci su faɗo, ko su kife ta gefe. Pénaud ya gano maganin duka biyun. Ya ɗan tanƙwara bakin fukafukai sama, ta yadda idan jirgin ya karkata, fiffiken da ya yi ƙasa zai fi samun ɗagawa ya maido shi daidai. Sannan ya sa ƙaramin fiffike a jela, ya kafa shi a kusurwar da ba ta kai ta babban ba, shi ke hana hanci wuce gona da iri. Wato matuƙin yana cikin ƙirar jirgin kanta. Duk jirgin fasinjan da ka gani yau, dubi jelarsa, za ka ga jikan wannan dabarar.

Shi kansa Pénaud bai ci moriyar basirarsa ba. Ciwon ƙugu ne ya hana shi bin sawun mahaifinsa a sojan ruwa, ya tsara babban jirgi mai ɗaukar mutum bai samu mai zuba kuɗi ba, ya kashe kansa a 1880 yana da shekara 30. Amma shekaru biyu kafin nan, wani limamin coci a Amurka, Milton Wright, ya kawo wa 'ya'yansa tsarabar wani ɗan helikwafta na takarda da gora da roba, wanda aka yi bisa ƙirar Pénaud. Wilbur da Orville suka yi ta wasa da shi har ya lalace, suka shiga ƙera nasu. Su ne suka tashi a jirgi mai inji a 1903.

Da manyan jirage suka samu, sai ƙananan suka zama sana'ar sha'awa mai zaman kanta. Attajirin man inji na Ingila, Charles Wakefield, mai kamfanin Castrol, ya ba da kofin gasar ƙasa da ƙasa wanda aka fara fafatawa a kansa a 1928, kuma har yau ana yi. A daidai lokacin ne katakon balsa ya shigo, itacen da aka fi samowa daga Ekwado. Wanda ya taɓa fere karan dawa ya yi mota da totuwarsa zai gane irin rashin nauyin da ake nufi. Ba'amurke Joe Ehrhardt ya ci kofin a 1930 da jirgin balsa, Turawan Ingila masu aiki da katako mai nauyi suka ga ba makawa sai sun sauya.

Aikin na masu haƙuri ne. Ana shimfiɗa zanen jirgin a kan allo, a yanka balsa sirara kamar tsinken ashana, a kafe su da allurai a kan zanen, a manna. Idan ƙashin ya bushe sai a lulluɓe shi da takarda mai shara-shara, a ɗan fesa mata ruwa ta tsuke ta yi tsam kamar fatar kalangu, a shafe ta da wani irin fenti mai ƙara mata ƙarfi. Robar ma ba a murɗa ta a bushe. Da can man zurma ko sabulu ake shafa mata, mutum ɗaya ya riƙe jirgi, ɗayan ya ja robar ta miƙe ninki-ba-ninki, yana murɗawa yana matsowa. In ta tsinke a ciki, aikin wata guda ya tashi a banza. Daga nan sai saiti: a cilla shi a hankali kan doguwar ciyawa, in ya ɗaga kai a liƙa ɗan yumɓu a hanci, in ya nutsa a cusa 'yar takarda ƙarƙashin jela. Kaurin takarda ɗaya yana iya raba jirgin da ke tashi da wanda ke faɗuwa.

Fetur ya biyo baya. A farkon shekarun 1930 wasu samari biyu na Philadelphia, Bill Brown mai ƙera ɗan ƙaramin inji da Maxwell Bassett mai ƙera jirgi, suka shiga gasannin Amurka suka yi wa masu roba fintinkau, har dole aka ware wa masu inji nasu rukunin.

A nan ne labarin ya juya, kuma a ganina nan ne ya fi daɗi. An shafe shekara sittin ana neman yadda jirgi zai zauna a sama, sai ga shi ya ƙi saukowa. Iskar nan mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa da rana, wadda shirwa ke hawa tana shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba, ita ce ke sure jirgi mai kyau ta yi gaba da shi, mai shi na bin sa da gudu ta gonakin mutane har ya ɓace masa. Shi ya sa ake rubuta suna da adireshi a jikin jirgi. Masu gasa suka taƙaita lokacin aikin inji zuwa 'yan daƙiƙu, suka kuma ƙayyade cewa abin da ya haura minti uku ba a lissafa shi a yawancin zagaye. A ajin kofin Wakefield, robar yau ba ta wuce giram 30.

Dabarar sauko da shi kuwa mai sauƙi ce har abin dariya. Ana ɗaure jelar da 'yar roba, a soka guntun lagwani a ciki, a kunna masa wuta kafin a saki. Lagwanin yana ci a hankali, bayan minti uku ya ƙone robar, jelar ta ɗage sama, jirgin ya daina shawagi ya sauko a kwance kamar ganye. Gobarar daji ta sa wurare da yawa suka hana lagwani, aka koma agogo mai zuciyar ƙarfe, daga baya na lantarki. Manyan 'yan gasa yanzu har na'urar bin sawu suke maƙala wa jiragensu.

Akwai kuma waɗanda suka guje wa iska gaba ɗaya. A garin Slanic na Romaniya, cikin wani tsohon ramin haƙar gishiri mai zurfi, an sha yin gasar duniya ta jiragen cikin ɗaki, waɗanda nauyinsu bai kai giram 2 ba. Farfelarsu tana juyawa a hankali har ana iya ƙirga zagayenta da ido, kuma 'yan kallo ba sa tafiya da sauri kusa da su, don iskar wucewar mutum kaɗai ta isa ta karkatar da jirgi.